Cin manoma, zaman 'yan ofis: yadda tukunya da kujera ke juya lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa

Duk inda aka zauna a garin nan na Kaduna, majalisa ce a Tudun Wada ko gidan suna a Unguwar Rimi, in dai hira ta yi tsawo sai an gangaro kan hawan jini da ciwon suga, wane ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, wance an ce ƙoda ce, wane kuma ko hamsin bai cika ba. Daga nan sai a shiga neman mai laifi, wasu su ce magi ne, wasu su ce takin zamani, wasu kajin gidan gona, akwai ma masu cewa jifa aka yi. Ni dai a ganina maganar ta fi haka sauƙi: aikin da jikinmu ke yi ya ragu sosai cikin shekaru kaɗan, amma kwanon abincinmu bai samu labari ba, yana nan yadda yake, har ma an ƙara masa suga da mai.

Ku tuna Kadunan iyayenmu. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, dubban ma'aikata a keke ko a ƙafa suke zuwa aiki su dawo, kuma aikin kansa a tsaye ake yinsa. Waɗanda suka baro a ƙauye kuwa fartanya ce tun asuba har rana ta take. Mata a gida surfe, daka, niƙa a dutse, jan ruwa a rijiya da guga, wanki da hannu. Mutumin da ke irin wannan rayuwa in ya zauna gaban malmala uku na tuwon dawa ya tashi da su ba abin da zai same shi, domin kafin gobe war haka ya ƙone su tas. To yanzu fa? Jikansa daga gado sai Keke, daga Keke sai kujerar ofis ko bencin shago a Kasuwar Barci, ya wuni a zaune yana latsa waya, ko masallacin da ke bayan layi ma sai ya hau mashin, amma malmalar nan uku ba ta ragu ba, sai ma da aka mayar da ita ta farar shinkafa ko semo aka ɗora kwalbar lemo mai sanyi a gefe.

Binciken da ya fara buɗe wa likitoci ido kan wannan abu, abin mamaki, a kan 'yan mota aka yi shi. Wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya duba ma'aikatan bas-bas ɗin nan masu bene, ya fitar da sakamakonsa a 1953. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, awanninsu ɗaya, iskar da suke shaƙa ɗaya, bambancin kawai shi direba a zaune yake wuni, shi kuwa kwandasta yana hawa da sauka matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma in ya kama su ya fi saurin kai su ƙasa. Ya sake dubawa tsakanin masu rarraba wasiƙu a ƙafa da abokan aikinsu masu zaman tebur, nan ma haka. Wanda ya taɓa shiga bas daga Kawo zuwa Kasuwa ya kalli cikin direba ya kalli na yaron motarsa ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da yake namu yaran motar akwai yunwa a cikin lamarin, wannan kuma za mu zo kanta.

Me ke faruwa a ciki? Bari mu fara da tsoka, domin ita ce jigon maganar kuma ita aka fi mantawa. Duk abin da ka ci na dangin tuwo, shinkafa, biredi, doya, taliya, in ya narke suga yake komawa ya shiga jini. Jini ba wurin ajiya ba ne, dole sugan nan ya sauka wani wuri, kuma babban wurin saukarsa shi ne tsokar jikinka, musamman ta cinya da ƙwauri da baya. Ka ɗauka tsoka ita ce tashar Kawo, suga kuma motocin da ke shigowa gari, in ƙofar tasha a buɗe take motoci su shige titi ya zama fayau, in kuwa ta ƙi buɗuwa sai su jeru a kan kwalta gosulo ya haɗu. Mai buɗe ƙofar shi ne sinadarin insulin da wata gaɓa a cikin ciki da ake kira fankiriyas ke fitarwa. Mutumin da ya daɗe ba ya motsi, ga kitse ya taru masa a ciki, tsokarsa takan daina jin maganar insulin sosai, sai jiki ya yi ta ƙara fitar da shi, shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja ba tare da mutum ya ji komai ba, ran da fankiriyas ta gaji sai a wayi gari da yawan fitsari da ƙishirwa da rama, a je asibiti a ce suga ne. Alhali ya fi shekaru yana tafe.

Abin da ke burge ni a nan shi ne, tsokar da ke aiki ba ta jiran insulin. Da zarar ka fara tafiya da ƙarfi tana da hanyarta daban ta zuƙe suga daga jini, kuma bayan ka gama ma takan ci gaba da jin maganar insulin har kwana ɗaya ko fiye. Shi ya sa tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci ke rage tashin suga a zahiri, ba wai a faɗa ba, mai na'urar gwaji a gida zai iya gwadawa da kansa ya gani. Kuma shi ya sa motsa jiki na ranar Asabar kaɗai, a je Dandalin Murtala da sabon kambas a zagaya a ɗauki hoto a ɗora a sitatus sannan a zauna har wata Asabar, bai kai wanda ake yi kaɗan-kaɗan kusan kullum ba wajen daidaita suga, duk da dai ya fi babu nesa ba kusa ba.

A Amurka an yi wani babban gwaji da aka fitar a 2002, mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Aka raba su, wasu aka ba su ƙwayar metformin ta masu ciwon suga, wasu aka sa su tafiyar minti 150 a sati da gyara cima har su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, wasu kuma ba a ba su magani na gaske ba. Bayan kusan shekara uku masu shan ƙwayar haɗarinsu ya ragu da kashi 31, masu tafiya da gyaran abinci kuwa da kashi 58. Kashi 7 ɗin nan fa ba wani abu ba ne, mai kilo 90 kilo shida da ɗoriya kawai zai sauke, ba wai sai ya koma kamar ɗan sakandare ba.

Hawan jini kuma nasa labarin ya fi karkata ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce gram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma lissafin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. Yanzu leƙa tukunyar miya ɗaya a gidajenmu: an zuba gishiri, an marmasa magi huɗu ko biyar wanda shi kansa yawancinsa gishiri ne, an ƙara farin magi, an kawo garin ɗanɗano na leda, in kuka ce ko kuɓewa an jefa kanwa, ita ma kanwar sinadarin sodiyam ne a cikinta, wato abin da ke sa gishiri ɗaga jini. Sannan a kawo yaji a gefe shi ma da nasa magin. Masu cewa magi ne ke kashe mu suna da rabin gaskiya, ba wani guba na musamman ba ne a ciki, yawan gishirin ne. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, ruwa ya ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, jijiyoyi su yi ta ɗaukar matsi har su yi tauri, ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa su ne ke biyan bashin daga baya. Ba nesa ba ma, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a yankin nan, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Ba su kaɗai ne sanadi ba, amma mai jegon da ƙafarta ke kumbura tana haki in ta kwanta, asibiti take buƙata ba ƙarin kanwa ba, ko da kuwa Gwaggo za ta yi fushi.

Harshe yana sabawa, wannan shi ne labari mai daɗi. In aka rage gishirin a hankali, aka bar daddawa da albasa da tafarnuwa da citta (wadda ga ta nan muna nomawa a Kachia da ƙasar Jaba ana fita da ita waje) su yi aikinsu, bayan 'yan makonni miyar da kuka saba ci a da ita za ta riƙa yi muku zartsi. Motsa jiki shi ma yana sauke jini, ga mai hawan jini yakan rage maki 5 zuwa 8 a lambar sama ta awon jini, kusan abin da ƙwaya ɗaya ke yi. Amma kar wani ya karanta wannan ya ajiye maganinsa, tare ake haɗa su.

Sai suga na sha, wanda a ganina shi ne ya fi yi mana ɓarna a ɓoye domin ba ma lissafa shi a matsayin abinci. Tsaya gaban teburin mai shayi da daddare ka kalli yadda ake haɗa kofi ɗaya na kauri: madarar gwangwani, cokali biyu na Milo ko Bournvita waɗanda dama da sugansu suka zo, sannan suga babban cokali biyu ko uku, a yi ta shekawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, a kawo rabin biredi an shafe shi da bota, ga indomi biyu da ƙwai an soya a man da ya sha wuta tun magariba. Wanda ya ci wannan ƙarfe sha ɗaya na dare daga nan sai katifa. Hukumar nan ta duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kusan gram 50 a rana, in da hali ma 25. Robar lemo ɗaya ta 50cl tana ɗauke da wajen gram 50 ɗin gaba ɗaya, kenan ka gama kason ranar kafin ka taɓa shayi. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma wa ya taɓa fasa shan lemo saboda naira biyar? Kuma kar mu ɗora wa kamfanoni laifin duka, zoɓo da kunun aya da fura da lamurje da muke yabo duk lafiyarsu ƙalau har sai an juye musu gwangwanin suga. Zoɓo ma an ga yana ɗan sauke jini, amma ba irin wanda ake ƙullawa a leda mai zaƙin da ke sa haƙori tsami ba.

A nan ne masu cewa "ai ina motsa jiki, zan ƙone shi" ke ruɗin kansu. Robar lemon nan guda sai ka yi tafiya mai sauri ta wajen minti 45 kafin ka ƙone abin da ka shanye cikin minti biyu. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke ƙiba sosai, a baki ake sauke ta. Amfaninsa na wani wuri ne daban, zuciya, suga, jini, ƙashi, barci, hankali, kuma yana ba ka waɗannan ko da sikeli bai motsa ba. Mutane da yawa suna farawa, wata ɗaya su hau sikeli su ga kilo ɗaya kacal, sai su ce aikin banza su bari, alhali abin da ya gyaru a cikinsu sikeli ba ya iya gani.

Yanzu wani zai ce malam kana maganar masu ƙoshi ne, mu da tun cire tallafin mai a 2023 sau biyu ma da ƙyar muke ci, kuma tafiyar ƙasa dole ta sa muna yi. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne ɗaya ɓangaren. Matsalar cimarmu ba yawa kaɗai ba ce, rashin bambanci ne. Gida ɗaya za ka samu maigida da tumbi, uwargida jininta ya yi ƙasa, yaro kuma bai kai tsawon sa'anninsa ba, duk daga tukunya ɗaya, domin tukunyar kullum sitaci ce da mai da gishiri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Maleriya da tsutsar ciki da yawan haihuwa kusa-kusa suna ciki, amma rashin sinadarin ayon (wanda jiki ke haɗa jini da shi) a abinci babban kaso ne. Mace mai ƙarancin jini kullum a gajiye take, ga jiri, ga mantuwa, ga saurin fushi, ba ta da kuzarin komai, sai a ce mata ragguwa ko a ce ta cika baƙin rai, alhali iskar da ke isa ƙwaƙwalwarta ce ba ta wadatar. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce kacal na nauyin jiki amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, in an gaza mata dole a gani a hali.

Kuma abin da zai cike giɓin ba a kantin zamani yake ba. Wake, waken suya da ake awara da shi, gyaɗa da ƙuliƙuli, zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kabewa, ƙwai in an samu, busasshen kifi, hanta ko sau ɗaya a sati. Faten tsaki da aka cika wa ganye da gyaɗa ya fi farar shinkafa da mai da yaji amfani ta kowace fuska kuma bai fi ta tsada ba. Gero da dawa da accar kudancin jihar nan, in ba a surfe su sun yi fari fat ba, dusar da ke jikinsu tana sa su narke a hankali, suga ba ya tashi fuu lokaci ɗaya. Ana so mutum ya ci ganye da 'ya'yan itace gram 400 a rana, abin da a wurinmu yake nufin kwaɗon zogale mai kyau da lemon zaƙi ko gwaba biyu, lokacin mangwaro kuwa ba a ma maganar. Wanda ke zuwa Bakin Dogo ko kasuwar Talata ta Kawo ya san in kaya na kakarsu sun fi araha. Ƙaramar dabara ɗaya da ba a cika faɗa ba: shayi a kan abinci yana hana jiki zuƙar ayon daga wake da ganye, lemon tsami ko tumatir ɗanye kuwa suna taimaka masa, don haka mai ƙarancin jini ta ɗan jinkirta shayin awa ɗaya ko biyu bayan ci.

To mu zo kan hankali, inda mutanenmu suka fi shakka. In ka ce wa mutum tafiya na rage damuwa sai ya ce kai dai ba ka san bashin da ke kaina ba. Tafiya ba ta biyan bashi, wannan haka yake. Abin da take yi shi ne canza yanayin jikin da ke ɗauke da bashin. Mutumin da ke cikin fargaba kullum, kuɗin makaranta, haya, labarin hanya, jikinsa na ta fitar da sinadaran tashin hankali irin su kotisol, zuciya na bugu, tsoka a ɗaure, barci ba ya zuwa, kuma duk wannan shiri ne na gudu ko faɗa wanda ba za a yi ba, a kan kujera ake zaune da shi. Motsa jiki yana ba wa wannan shirin mafita, bayansa bugun zuciya ya sauka, jiki ya saki, dare ya yi barci ya zo da nauyi. A cikin ƙwaƙwalwar kanta jini na ƙara gudana kuma ana samun ƙarin wani sinadari da ke taimaka wa ƙwayoyinta su rayu su yi sababbin haɗi. A 2011 an fitar da wani gwaji a Amurka kan dattawa 120, rabi aka sa su tafiya sau uku a sati tsawon shekara, da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu sai aka ga sashen da ke riƙe tunawa ya ƙaru da kusan kashi 2, na sauran kuwa ya ɗan ragu kamar yadda tsufa ke sa shi. A Ingila yanzu motsa jiki cikin rukuni yana cikin abubuwan da hukuma ta yarda a ba wa mai ciwon damuwar da bai yi tsanani ba.

Ta ɓangaren abinci hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba tukuna, gara a faɗa yadda take. Akwai gwajin da aka yi a Ostareliya aka fitar a 2017, mutum 67 masu ciwon damuwa, wasu aka koya musu cin ganye, wake, kifi da hatsin da ba a cire wa dusa ba na sati 12, wasu kuma aka riƙa zama ana hira da su kawai. Kusan kashi 32 na masu gyaran abinci ciwon ya lafa musu, a ɗaya rukunin kashi 8. Sakamako ne mai kyau amma mutanen kaɗan ne, kuma yawancinsu suna kan maganinsu ko ganin likita a lokacin. Don haka masu tallan garin kaza da shayin kaza a TikTok suna cewa yana warkar da damuwa, ku riƙe kuɗinku.

Wahalar ita ce abin zagaye yake yi. Damuwa ta hana ka barci, rashin barci ya sa ka tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo domin yana birkita sinadaran yunwa da ƙoshi, ka ci ka yi nauyi ka kasa motsi, rashin motsi ya sake hana barci. Ba sai an kama ko'ina lokaci ɗaya ba, in ka tsinka shi a wuri guda sauran na sassautawa, kuma mafi arha a tsinka shi ne tafiya, musamman da safe a cikin hasken rana kuma da abokin tafiya, domin hirar kanta magani ce, wanda damuwa ta kama abu na farko da yake yi shi ne janye jiki daga mutane. Amma akwai iyaka. Wanda ya yi sati biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba ya iya tashi aiki, yana kuka ba dalili, ko ya fara tunanin gara ya mutu, ko mai jegon da ta kasa son ɗaukar jaririnta, wannan ya wuce a ce masa ya je ya yi tafiya ko ya ƙara haƙuri. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, kuma ba sai wanda ke tsince-tsince a bola ake kaiwa ba, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke shiga su ga likita su koma gida. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Nawa ake buƙata? Minti 150 zuwa 300 a sati ga babba, wato kamar rabin awa sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Yara awa ɗaya kullum, abin da a da langa da 'yar gala-gala da ƙwallon layi ke ba su kyauta kafin waya ta zaunar da su. Taku 10,000 da agogon hannu ke matsa wa mutane a kai kuwa daga tallan wata na'ura ya samo asali a Japan a shekarun 1960, amfani yana farawa tun ƙasa da haka sosai, kuma wanda ya fi kowa cin riba shi ne wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan. Sannan sau biyu a sati a yi abin da zai wahalar da tsoka, domin daga shekara 30 zuwa sama tana raguwa a hankali in ba a amfani da ita. Ba sai an je wurin ɗaga ƙarfe ba, tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar ba tare da dafa komai ba, tura bango, ɗaga jarka mai ruwa, hawa bene. Tsofaffinmu su suka fi buƙatar wannan kuma su muka fi hanawa da sunan ladabi, da Hajiya ta miƙe za ta ɗauko buta sai a ce "Hajiya zauna, bari a kawo miki", ita ma in ka ce ta ɗan taka zuwa bakin layi sai ta ce "kai ɗan nan, da wace gwiwar?", alhali gwiwar da ake lallaɓawa da zama ita ce ke ƙara sandarewa, tsokar cinya in ta yi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi.

Mata kuwa a yi musu adalci. Namiji zai sa gajeren wando ya fita titin Independence da asuba ba mai kallonsa, mace ta fita da hijabinta tana sauri sai unguwa ta ɗauka, wai me take nema. Ga aikin gida da ke gajiyarwa amma yawancinsa tsayuwa ce da sunkuyo, ba ya sa zuciya bugu yadda daka ke yi a da. Mafitar da na ga tana aiki ita ce ta haɗuwa, mata uku huɗu na layi ɗaya su fita tare bayan sallar asuba ko su zagaya filin makarantar unguwa, ko a cikin gida a yi tsallen igiya da rawa an rufe ƙofa. Maigidan da ke sayen maganin hawan jini duk wata ya kamata ya fi kowa goyon bayan wannan. Sai dai kuma a lokaci guda ga 'yan mata na shan sha-ka-fashe don a yi ƙiba kafin biki, wasu ƙwayoyin nan na sitiroyid ne, kumburi da ruwa suke tarawa, suna kawo suga da hawan jini da lalacewar ƙashi, suna kuma birkita barci da hali. Mun daɗe muna ɗaukar tumbi alamar hutu, ana ce wa mutum "Alhaji ka yi kyau, an samu wuri", alhali kitsen ciki shi ne mafi haɗari domin a jikin hanta da hanji yake naɗe. Gwajinsa ba ya buƙatar asibiti, ɗauki igiya ka auna tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta cikinka daidai saitin cibiya, in ba ta haɗu ba akwai aiki.

Lokaci ma a lura da shi. A Maris da Afirilu zafin Kaduna ba na wasa ba ne, sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a hannu. Ranar da hazo ya rufe gari lokacin hunturu, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi kuwa, a nan ake ganin mutum ya wuni bai ci ba amma ya fito Sallah da ƙarin kilo, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai suga da lemo duk a zama ɗaya, tafiya zuwa tarawih a masallacin da ya ɗan yi nisa tana rage wannan.

Wanda ya haura 40, ko yake da suga ko hawan jini a danginsu, kafin ya fara wani abu mai ƙarfi ya fara sanin lambobinsa, yawancin kemis na unguwa suna da na'urar awon jini. In ta nuna 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, ko sugan safe kafin karyawa ya kai 126, likita za a gani. Mai allurar insulin ko ƙwayar da ke sauke suga sosai kada ya fita tafiya mai nisa da ciki wayam, ya sa dabino biyu a aljihu. Wanda kuma ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima yana cikin tafiya, ya tsaya a nan, a kai shi asibiti ranar.